Motar lantarki mai janareta a ciki: wane fetur za a zuba mata?

Wani direba da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina ya aiko mana da tambaya. An yi masa tallar wata mota 'yar Chana, an ce ta lantarki ce, sai kuma ya ga tana da tankin fetur. Ya ce shin yaudararsa ake so a yi ne? In kuwa gaskiya ce, wane mai take sha?

To Malam, ba yaudara ba ce. Lantarki ne kaɗai ke juya tayoyin irin wannan mota. Injin fetur ɗin da ke ciki janareta ne, gurup kamar yadda muke cewa a nan, aikinsa ya ba da wuta idan batir ya yi ƙasa. Kamfanin BMW ya yi haka a motarsa i3, da ɗan inji mai silinda biyu da tanki na kusan lita 9. Amma a Chana ne abin ya bunƙasa, tun da Li Auto ya fito da Li ONE a 2019, su Leapmotor suka biyo baya.

A gidajen mai na Chana za ka ga lamba a jikin famfo: 92, 95, 98. Mutane da yawa sun ɗauka mai babbar lamba ya fi ƙarfi ko ya fi tsabta. Ba haka ba ne. Lambar oktan ce, tana nuna yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba. A cikin silinda fulogi ne ya kamata ya kunna wuta, ta ci man a hankali har ƙarshe. Idan man ba ya jurewa, ragowarsa sai ya fashe kafin wutar ta iso, ka ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. In abin ya daɗe, fistin ne ke shan wahala.

Shi ya sa kowane inji da nasa. Motocin Li Auto masu turbo, 95 kamfanin ya ce a zuba. Leapmotor C10 kuwa, injinta mai lita 1.5 ba turbo, 92 ya ishe ta. Wanda ya zuba mata 98 kuɗinsa kawai ya ƙona. Akasin haka ne ke da ciwo. In ka ba mai son 95 wanda bai kai ba, kwamfutar motar za ta ji ƙarar ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare injin. Motar ba za ta tsaya ba, sai dai wutar da janareta ke bayarwa ta ragu, shan mai ya ƙaru. Ka tuna kuma da zafinmu na Afrilu, ga kaya, ga tafiyar Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600, batir ya ƙare tun a farkon hanya, injin na aiki ba hutu. Zafi na ƙara wannan matsala.

Masu sayen motocin Amurka ta Kwatano ko Lome, ku lura: lissafin can daban yake. Abin da suke kira 87 ya yi kusan 91 ko 92 a lissafin Chana da Turai, 91 ɗinsu kuma kusan 95 ne. Chevrolet Volt ta farko mai tsadar take buƙata, amma daga ƙirar 2016 tana shan 87.

Mu a nan fa, famfon fetur ɗaya ne a yawancin gidajen mai, ko daga matatar Soraz ta Damagaram man ya fito ko daga Najeriya, kuma ba lamba a jiki. Don haka ni a ganina zaɓin ba a gidan mai yake ba, a wurin dillali yake. Kafin ka ba da ko dala, buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka rubuta, ka duba littafin motar. In ka ga 95, ka yi tunani sau biyu. Ƙananan kwalaben nan da ake cewa suna ɗaga oktan, abin da suke ƙarawa kaɗan ne, kar ka jingina da su.

Sai maganar kwanan mai. Mai yin caji kullum a gida zai iya yin watanni injin bai tashi ba, fetur kuwa yana lalacewa in ya daɗe, balle a zafi. Volt ma da kanta take kunna injin in ya yi makonni shida a kwance. Saboda haka in cikin gari kake yawo, kar ka cika tanki, ka riƙa zuba kaɗan kana ƙarewa. Man 'yan ruwa-ruwa da 'yan bumburutu da ya wuni a kwalba cikin rana kuwa, na san da yawanmu da shi muke lallaɓa babur, amma ban ba ka shawarar zuba shi a wannan mota ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu duba cajin batir a garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Ku ci gaba da turo tambayoyinku.