Jawabi Kan Koyon Tsara Shafin Intanet

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, da 'yan'uwa mazauna Sabo, ina gaisuwa.

Ni dai kun sani, yadi nake sayarwa, karatuna kuma na Islamiyya ne. To me ya haɗa ni da shafin intanet? Asara ce. Bara na biya wani yaro ya yi wa shagona shafi. A kwamfutarsa abin gwanin sha'awa. Ashe a waya hoton shadda ya hau kan farashi ya rufe shi, lambar wayata kuma sai an ja shafin gefe kafin a gan ta. Wata uku ina zargin kasuwa, sai da wata Hajiya mai sarin kayana daga Ilorin ta faɗa mini gaskiya.

Na ajiye girma, na ce ɗana ya koya mini. Abin kashi biyu ne. HTML shi ne kayan kansu: suna, hoto, farashi. CSS kuwa, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1996, shi ne jera kaya a rumfa: launi, girman rubutu, tazara, da abin da ido zai fara gani. Jama'a, wannan ai aikinmu ne tun muna yaran shago.

Kowane abu a shafi akwati ne mai faɗinsa, da fili a ciki, da fili a waje. Kuskuren yaron nan, ya ɗaure faɗin shafin a ɗigo 960, alhali allon wayoyi da yawa wajen 360 yake ɗauka. Muka rubuta cewa kada hoto ya wuce faɗin allo, jeri uku kuma su koma ɗaya idan allon ƙarami ne. Layi kaɗan ne fa, wallahi har na ji haushin kuɗina.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Na rubuta "ɗinki", wani ɗan akwati ya fito a madadin harafin farko, domin salon rubutun da aka zaɓa ba shi da shi. Dole ka zaɓi mai ɓ, ɗ da ƙ, ka kuma sa UTF-8 a saman shafin.

Duk mai shafi a cikinku, yau ya buɗe shi a wayar da ta fi araha a gidansa. In bai ga farashi da lamba nan take ba, ya same mu a shago ranar Lahadi bayan La'asar, ni da yaron. Wassalam.