Haƙƙin Wanda Ya Tashi Daga Jinya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW).

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mun iya gaida marar lafiya, amma ranar da ya miƙe sai mu watse. Ga tela, tarin fuka ya kwantar da shi fiye da shekara, har ya sayar da kekensa ya ciyar da iyali. Ya sha maganin wata 6, likita ya sallame shi. Ya dawo kasuwa ya tarar an bai wa wani rumfarsa, masu kawo ɗinki kuwa suna ja da baya, wai kada su ɗauka. Wannan jahilci ne, domin wanda ya kammala magani ya warke ba ya yaɗa cutar. A nan ne Shaiɗan ke samun ƙofa: a ce masa sammu ne, ya ƙarar da ɗan abin da ya rage wajen ɗan tsibbu. Wa'iyazu billah!

Abdurrahman bin Auf (RA) ya isa Madina ba shi da komai. Sa'adu bin Rabi'u (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa, ya fara da cuku da man shanu. Mu lura, sai da aka sami mai nuna masa hanyar.

Imamun Nawawi ya bayyana cewa mabuƙaci mai sana'a ana ba shi zakkar da za ta saya masa kayan aiki. To, maimakon mu rarraba zakkarmu mudu-mudu, mu haɗa ta bana mu mayar wa telan nan kekensa, kuma mu fara kai masa ɗinkin Sallah.

Wassalamu alaikum.