Tufar iyo da mutuncin ƴaƴanmu: wace doka Nijar za ta bi?



A ƙasar Rumbu, cikin gundumar Dakwaro, babu kogi, kuma ruwan iyo bai wuce tabkin da damina ta cika ba. Yaro namiji yakan tuɓe ya faɗa ciki har ya gwanance da ninƙaya. Yarinya kuwa, da zarar ta fara girma sai ta tsaya a gefe da tulunta, domin iyayenta ba za su yarda ta bayyana jikinta ba. Ranar da ƙafarta ta zame, wannan bambanci yana iya zama na rai da mutuwa. Saboda haka batun tufar iyo ya shafi kowane gida.

Dokar duniya ta tufar gasa tana da asali. A shekarar 2009, a gasar duniya da aka yi a birnin Rum, an karya bajintar duniya har sau 43, galibi da taimakon riguna masu kama da roba da ke ɗaga jiki bisa ruwa. Tun daga Janairun 2010 hukumar FINA ta haramta su, ta ƙayyade cewa tufar ta kasance ta yadi, ta namiji daga cibiya zuwa gwiwa, ta mace daga kafaɗa zuwa gwiwa. Manufar ita ce a toshe ƙofar maguɗi. Sai dai dokar ta rutsa da waɗanda ba su ji ba su gani ba: ɗiya musulma mai son suturce jikinta, da zabiya da rana ke ƙona fatarsa, da yaron da ke ɓoye tabon ƙunar wuta.

Ƙasashe biyu sun bi hanya biyu. A Ingila, cikin Maris na 2017, hukumar iyo ta ƙasa ta halatta tufa mai rufe jiki duka a gasannin cikin gida saboda addini ko rashin lafiya, bisa sharaɗin alƙalin wasa ya duba ta ya tabbatar ba ta ƙara sauri, kuma kada a tsare yaro da tambayar dalilinsa. A Faransa kuwa, da birnin Grenoble ya yarda da irin wannan tufa a wuraren iyo na gwamnati, babbar kotun harkokin mulki ta tabbatar da dakatar da matakin a watan Yunin 2022.

Nijar ta gaji dokoki da yawa daga Faransa, amma babu tilas ta gaji wannan. Tsarin mulkin da al'umma ta kaɗa wa ƙuri'a a Disambar 1992 ya tabbatar wa kowa ƴancin addininsa, kuma ƴancin da ya tsaya a bakin ruwa ragagge ne. Rukayya Musa Mahaman ta ɗaga tutar ƙasar nan a gasar mita 50 ta Olamfik a Riyo a 2016, ta sake yi a Tokiyo a 2021. Ɗiya nawa irinta ke karkara waɗanda tufa kaɗai ta hana su shiga ruwa?

Abin da ya wajaba ga ma'aikatar wasanni da hukumar iyo ta ƙasa shi ne su rubuta ƙa'ida ƙarara tun kafin ranar gasa, domin rigakafi ya fi magani. A halatta tufa mai rufe jiki ga mai dalilin addini ko na lafiya, a ƙayyade irin yadinta, a kuma hana wadda ke da faɗin da zai naɗe ƙafa ya jawo nutsewa. Idan aka bar hukuncin ga ra'ayin kowane alƙali, ɗan mai hali zai wuce, ɗiyar talaka ta koma gida da hawaye. Ku ƴan kasuwa ke sayar da yadin, ku ma'aikata ke rubuta takardun, don haka maganar tana hannunku.

Allah ya kare mana zuri'a. Wassalam.