Ɗaurin Noti Ma Yana Da Awo

Jawabin wani malamin sana'a ga manoman rani, ɗaliban ajin yaƙi da jahilci

Ga shi kaka ta wuce, masu lambu a bakin madatsar ruwa ta Tomas a Dambatta da ta Watari a Bagwai sun fara fito da injinan ban-ruwa. Saboda haka yau maganata a kan ɗaurin noti ce.

Da yawanmu mun ɗauka in an ɗaure noti tamau har sifana ta ƙi motsi, to aiki ya yi kyau. Ba haka ba ne. Ita ƙusa mai zare, wadda noti ke hawa kanta, tana ɗan miƙewa in an ɗaure ta, ko da yake ido ba ya gani. Wannan miƙewar ce ke riƙe ƙarafa biyu a haɗe. In ɗauri ya gaza, jijjigar inji ta kwance shi. In ya yi yawa, ƙusa ta tsinke, ko zare ya cinye. Jikin ƙananan injinan nan na fetur kuwa da alminiyon aka yi shi, ya fi ƙusar laushi, don haka zaren jikin injin ne ke fara lalacewa. Daga nan sai neman makaniki a gari, ga tumatir yana jiran ruwa.

To, yaya ake gane daidai? Ƙarfin ɗauri abu biyu ne: ƙarfin hannunka da tsawon sifana. Masu ƙera inji suna rubuta awonsa a littafin da ke zuwa da injin, da haruffa biyu, Nm. Ku da kuka koyi karatu, ku duba kan ƙusa. In kun ga 8.8, ƙarfe ne mai ƙwari, ba a musanya shi da wanda ba lamba. Irin wannan ƙusa mai kaurin milimita 8 tana son Nm 25. Ma'anarsa, in tsawon sifanarka santimita 25 ne, ka ja bakinta da ƙarfin da za ka ɗaga kilo 10, wato rabin jarkar ruwa mai lita 20. Mai kaurin milimita 10 tana son ninkin haka. Mai milimita 6 kuwa Nm 10 ya ishe ta, kuma ita ce aka fi tsinkewa.

Yanzu ku duba abin da muke yi. Mutum ya zura bututu mai tsawon mita ɗaya a sifana, ya danna. Da ƙarfin hannun nan ɗaya ya ninka ɗauri sau huɗu! Wani ma da ƙafa yake takawa. Bututu na kwance noti mai tsatsa ne, ba na ɗaurewa ba.

Akwai sifana mai awo wadda ke yin ƙas in ɗauri ya kai. Tana da tsada ga mutum ɗaya, amma ƙungiyar manoma tana iya sayen guda a riƙa aro.

Kafin a samu, ga filogi. A sa shi inji yana sanyi, a murza da yatsu har ya zauna. In sabo ne a ƙara rabin zagaye da sifana. In tsoho ne, kada a wuce kwata. In ya cije tun farko, zare ya hau a karkace ne, a fitar a sake.

A goge ƙasa da tsatsa daga zare. Wanda ya shafa mai kuma ya rage ƙarfi, domin noti mai santsi yana matsewa fiye da yadda hannu ke ji. Inda notuna suke huɗu, kamar kan inji ko ƙafar amalanke, kada a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran. A bi su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, har zagaye biyu ko uku. Sabon bakin garma da ƙafar amalanke da aka mayar, a sake bin notunansu da sifana bayan aikin yini ɗaya.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.