Ƙananan Maƙiya Masu Siffar Gero

Shugaban taro, iyayenmu, da 'yan uwana 'ya'yan Birnin Gwari mazauna birane.

Maganata yau kan wasu ƙwayoyin cuta ce, kewayayyu kamar gero, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A 1884 likita Hans Christian Gram, mutumin Denmak, ya samo rinin da ake gane su da shi, domin bangonsu mai kauri yana riƙe launin shunayya.

Na farkonsu, Staphylococcus, yana zaune a fata da hanci. Shi ke kawo maruru, shi ke sa mugunya a raunin manomin Kuyello ko Randagi da fartanya ta sara. Na biyu, Streptococcus, yakan jeru kamar carbi, yana sa yara ciwon makogwaro. In aka yi sakaci, ciwon yakan taɓa zuciya bayan shekaru. Wani ɗan uwansa kuma ke kawo namoniya da sanƙarau.

Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928, amma a 1961 aka samu nau'in Staphylococcus a Ingila da ya gagari sabon magani. Sayen kafso biyu a kemis ba da izinin likita ba yana ƙara musu taurin kai.

Tun 2014 Nijeriya ta fara rigakafin namoniya kyauta, a mako na 6, na 10 da na 14. Don Allah, in kun aika kuɗi gida, ku tambayi katin jariri. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.