Ɗan ci-rani da katin asibiti: in ciwo ya kama shi a ƙasar wasu, wa ke biya?

Lacca ga ƴan kasuwa da ma'aikatan Kanan-Bakashe



A ƙasar Kanan-Bakashe, da sauran garuruwan Mayahi da Tasawa, da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa a waje. Da an gama ɗaure dammunan gero, samari sai su kama hanya: wasu Katsina da Kano da Ikko, wasu Abijan da Kumasi, wasu su bi ta Agadas su tsallaka Libiya ko Aljeriya, wasu kuma sun daɗe a Jidda da Makka. Da kuɗin da suke aikowa ake cike gibin rumbu, a biya haraji, a yi aure da suna. Ana yawan lissafin abin da ɗan ci-rani yake kawowa gida. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ranar da zai kwanta ciwo a garin da ba uwa ba uba. Dokokin da suka shafi wannan rana sun sake a kusan duk ƙasashen da yake zuwa, kuma galibi shi ne na ƙarshe da ke jin labari.

A da, zango shi ne madogarar baƙo. Mai masauki ya kai shi asibiti, ƴan garinsu su yi karo-karo, in abin ya faskara a sa shi mota a maido shi gida. Wannan zumunci yana nan, amma kuɗin magani ya fi ƙarfinsa. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da tsarin Bamako, wanda ya ɗora wa majinyaci wani kashi na kuɗin jinya. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada a dare ɗaya. A Nijar, dokar 3 ga Yuli 1995 ta tabbatar da biyan kuɗi a ƙananan asibitoci. Bayan haka ne ƙasashe ɗaya bayan ɗaya suka koma ga inshorar lafiya, wato irin abin da direbobi suka sani da sunan asiransi: mutum ya riƙa zuba kaɗan yana da lafiya, asusu ya biya masa da yawa in ya kwanta.

A fara da Kodebuwa. Dokar 24 ga Maris 2014 ta kafa tsarin da ake kira CMU, ta wajabta shi a kan duk wanda ke zaune a ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo. Zubin shi ne sefa 1.000, jika guda, kowane wata a kan kowane mutum. Asusu yana ɗaukar kashi 70 cikin 100 na ayyukan jinya da magungunan da ke cikin jerinsa, majinyaci ya biya 30. An soma aiki da shi a 2019, kuma a Satumba 2022 gwamnati ta fitar da wata doka da ta sa takardar shaidar rajista ta zama sharaɗin samun wasu ayyukan hukuma. Mai tallan yadi a Ajame da ke da mata da ƴaƴa huɗu zai zuba jika shida a wata, jika 72 a shekara. Kuɗi ne, ba shakka. Amma duk wanda ya taɓa biyan aikin tiyata guda daga aljihunsa ya san wanne ya fi sauƙi.

Gana ta riga ta, domin tun 2003 ta kafa nata asusun. Najeriya kuwa, wadda nan ne mafi yawan ƴaƴan wannan yanki ke zuwa, ta yi dokar inshorar lafiya a 1999, ta soma aiki da ita a 2005, amma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta. A Mayu 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta mai da inshorar dole a kan ƴan ƙasa da duk baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida. Jihohi irin su Kano da Katsina suna da hukumominsu na asusun taimakekeniyar lafiya. A aikace har yanzu yawancin mutane a can daga aljihu suke biya. Sai dai a lura da lafazin dokar: baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida. Mai ga-ruwa ko mai gadin da ya shekara goma a Kano ba tare da takarda ko ɗaya ba, yana jin Hausa kamar kowa, yana salla a sahu ɗaya da kowa, amma a gaban magatakardan hukuma ba shi da suna.

A Saudiyya dokar 1999 ta ɗora wa mai gida nauyin yi wa baƙon ma'aikacinsa inshora, kuma ba a sabunta takardar zama, wato iƙama, sai da ita. Wanda ya je umara ya maƙale ba ya cikin wannan lissafi. A Libiya da Aljeriya, inda yawancin ƴan ci-rani ke aikin gini da gona ba kwangila ba takarda, wanda ya faɗo daga bene sai abin da ƴan uwansa suka tara. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke neman bizar Turai ta ƙasashen Shengen, dole ya nuna inshorar tafiya da ke ɗaukar aƙalla yuro 30.000, sama da sefa miliyan 19 da rabi. Faransa kuma, tun 1 ga Yuli 2019, ta sa ƙa'idar cewa mai fanshonta da ya koma zama a waje sai ya cika shekara 15 yana zubi kafin a ɗauki nauyin jinyarsa in ya je ziyara.

Duk waɗannan dokoki hanya guda suka nufa: an ɗaure magani da takarda. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Wasu za su ce inshora caca ce, ko kuma rashin tawakkali. Tambaya ce da ta cancanci amsa daga malamai, kuma malaman fiƙihu da dama sun bambanta inshorar kasuwanci da asusun taimakekeniya wanda jama'a ke zubawa don agaza wa wanda larura ta sama. Ita kanta dokar Saudiyya da sunan ta'awuni, wato taimakon juna, aka kafa ta. Matan da ke adashe a kowace unguwa sun daɗe da gane wannan hikima.

Babbar matsalar tana gida. Katin CMU yana aiki a Abijan, ba ya aiki a asibitin Mayahi. Mutum ya zuba kuɗi shekara da shekaru a waje, ranar da ciwo ya ci ƙarfinsa aka maido shi, haƙƙinsa ya tsaya a kan iyaka. Me zai tarar a Nijar? Ma'aikacin gwamnati yana da takardar ɗaukar nauyi da ke rage masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin asibitin gwamnati. Asusun CNSS yana biyan kuɗin iyali, haɗarin aiki da fansho, amma ba shi da reshen inshorar ciwo. Tun 2005 da 2006 aka mai da tiyatar haihuwa, awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, ko da yake jinkirin gwamnati wajen maido wa asibitoci kuɗinsu ya sha barin kantocin magani fayau. Daga 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin ganin likita, kwanciya da gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, haihuwa ta zama kyauta, an kuma soke sefa 150.000 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a soma yi musu. Sauƙi ne na gaske. Amma magidanci ɗan shekara 40 da ya dawo daga Sabha da karyayyen baya ba yaro ba ne, ba mai ciki ba ne, ba ma'aikaci ba ne. Rabin da ya rage, da kuɗin magani, da kuɗin mota zuwa Maraɗi ko Yamai, daga ina za su fito? Daga san noma, sannan daga rumbu, daga ƙarshe a jinginar da gona. Haka gidan da ya tura ɗa neman arziki ke wayewa gari cikin talaucin da ya fi na da.

Akwai yarjejeniyoyin da ya kamata su toshe wannan kafa. Ƙungiyar CIPRES, da aka kafa a Abijan a 1993, ta haɗa asusun ma'aikata na ƙasashe masu amfani da sefa, CEDEAO kuma ta amince da yarjejeniyarta ta kare haƙƙin ma'aikata a 2013. Amma waɗannan takardu don mai albashi da rajista aka tsara su, ɗan tireda da ɗan dako ba sa ciki. Bugu da ƙari, Nijar ta fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za ta ci gaba da barin ƴan Nijar, Mali da Burkina Faso su yi zirga-zirga da zama har sai an sake shawara. Haƙƙin da ke rataye a kan “har sai an sake shawara” aro ne. Dattawan da suka ga korar baƙi daga Najeriya a 1983, da waɗanda suka biya kuɗin katin zama a Kodebuwa daga farkon shekarun 1990 har aka soke shi a 2007, sun san yadda baƙo ke kwana ɗan gari ya tashi bare.

To, mene ne abin yi? Matafiyi ya fara da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun kafin ya hau mota, ya nemi katin ofishin jakadancin Nijar da zarar ya sauka, ya yi rajista inda doka ta ba shi dama, ya adana rasiɗin zubinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A nan ne nauyi ya hau kan ma'aikatan magajin gari: takardar haihuwar da aka ja wa talaka rai a kanta yau, ita ce za ta hana ɗansa gado a asibitin Abijan gobe.

Alhazan da ke tura yara da kaya Kano da Ikko su sa kuɗin jinyar yaransu cikin lissafin jari, kamar yadda suke sa kuɗin kwastan da na mota. Ƙungiyoyin ƴan gari da ke zango, waɗanda ba su taɓa kasa tara kuɗin likkafani ba, su buɗe asusu mai littafi da ma'aji da mai bincike, domin a riƙa taimakon mutum tun yana numfashi. Reshe ɗaya a can, reshe ɗaya a nan gida, yadda wanda aka maido zai tarar da zubinsa yana jiransa.

Mahukunta kuma suna da bashi biyu. Na farko, duk tattaunawar da za a yi da Abuja, Abijan ko Akara a kan makomar zirga-zirga, a sa maganar jinyar ƴan ci-rani a kan tebur tare da maganar albasa da dabbobi. Na biyu, a buɗe wa manomi da ɗan kasuwa asusun lafiya na ƙasa wanda ɗan Nijar da ke waje zai iya zubawa ta wayar salula, don kansa da iyalin da ya bari. Hanyar da kuɗin cefane ke bi daga Tamanraset zuwa Kanan-Bakashe za ta iya ɗaukar jika guda ta asusu.

Ƙasar da ke cin gumin ƴaƴanta na waje ya wajaba ta san inda za su kwanta in ƙarfinsu ya ƙare. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya maido matafiya gida lafiya.