Jawabi a kan ɗan itacen da ake kira mangustan

 

Zancenmu na yau a kan wani ɗan itace ne mai suna mangustan. Kada sunan ya ruɗe ku, ba mangwaro ba ne. Ba ya fita a ƙasarmu. Gidansa can gabas mai nisa, ƙasashen Tailan, Indunusiya da Maleziya, inda ruwan sama yake da yawa. Iccen ba ya jimre fari. Ba shi da gaugawa kuma: wanda ya shibka shi yakan jira shekara 8 ko 10 kafin ya ɗanɗana. Amma kun san ɗan'uwansa. Namijin goron da ake kawo muna daga kurmi, dangi ɗaya suke.

Girmansa kamar ƙaramin lemu. Ɓawon yana da kauri, ja mai duhu. In an fasa, cikin fari fat, kashi-kashi kamar tafarnuwa, ga zaƙi ga ɗan tsami.

To, mi ya sa ake ta maganarsa? Kun ga yadda hauya take tsatsa in ta kwana cikin raɓa. Jikin mutum ma wani abu mai kama da haka yana cin sa sannu sannu. Ganyaye da ɗiyan itace suna ɗauke da abubuwan da ke rage wannan ɓarna. Mangustan yana da nasa, ana ce musu zanton. Amma ku riƙe wannan: yawancinsu cikin ɓawo suke, ba cikin farin da ake sha ba. Tun da daɗewa mutanen can suna shanya ɓawon, su dafa shi don zawo da atini, su wanke gyambo da ruwan.

Masana sun gwada zanton cikin kwalba, sun gwada kan ɓeraye, sun ga alamu masu kyau. Amma ɓera ba mutum ba ne. Ba a tabbatar yana warkar da ciwon daji ko ciwon sukari ga mutum ba. A shekarar 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta ja kunnen wani kamfani da ke tallar ruwan mangustan kamar magani.

Saboda haka in wani ya zo kasuwa da kwalba ko gari, ya ce wannan maganin kowace cuta ne, kada ku saida hatsinku ku saya. Mai shan maganin likita kada ya bari. Yaro mai zawo kuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi likita tun da wuri.

In bitamin C kuke nema, gwaba da garin ɗiyan kuka sun fi mangustan nesa ba kusa ba. Ga zogala, ga yakuwa, ga tumatir na garka.

Wanda ke da tambaya, ya ɗaga hannu.